Zanen Yau da Kullum

Zannuwan mace iri biyu ne. Akwai na akwati, wanda ake ninkewa a sa masa turare, ba ya ganin rana sai ran biki, ko ran Kirsimati, ko ran taron shekara na Zumuntar Mata. Akwai kuma na yau da kullum. Shi ake ɗaurawa a shiga madafa, da shi ake goyo, da shi ake share wa yaro hawaye, da shi ake lulluɓi in sanyin asuba ya sauko, a bakinsa kuma ake ƙulle 'yan kuɗin cefane. A cikin kwana 365 na shekara, da ƙyar na akwati yake samun goma. Sauran duka na ɗan'uwansa ne. Amma in mata suka zauna hirar atamfa, na akwati ake yi wa kirari, shi kuwa mai aikin ba mai tunawa da shi sai ran da ya yage.

Wannan rabo bai tsaya ga mata ko ga ƙasar Hausa ba. Dattawan Baule da Agni na ƙasar Kodibuwa suna da saƙin da ake kira kita, wanda namiji yake yafawa a kafaɗa ran taro, suna kuma da zanen da suke ɗaurawa a tsakar gida. Can a Sikotilan ma maza suna ɗaura wani irin zane mai ninki-ninki da ke tsayawa a gwiwa, sunansa kilt. Na biki yakan ci yadi takwas na ulu, ga nauyi ga tsada. Na yawo kuwa yadi biyar ya ishe shi, sau da yawa ma ba ulu zalla ba ne. Ko'ina aka je, tambayar mai ƙaramin ƙarfi ɗaya ce: ƙaƙa zai sami sutura mai araha wadda ba za ta kunyata shi ba?

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, gama araha ma iri biyu ce. Akwai wadda take faɗin sunanta, akwai wadda take amsa sunan wani. Abin da ya gudana tsakanin wata gwauruwa da matar ɗanta a birnin Abijan ya isa ya nuna bambancin.

Tun da aka haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951, samarin Adar da Gobir da Dogonduci suka ƙara ƙaimin gangarowa Kurmi neman abin kai wa gida. Da yawansu sun sauka a Treichville, unguwar da ke ƙetaren tafki daga Plateau, inda aka fi sanin tituna da lamba, gidaje kuwa na haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Waɗansu suka kama sayar da nama, waɗansu albasar Galmi, waɗansu kuma abincin nan na dambun rogo da soyayyen kifi, wanda har ya ɗauki sunan Bahaushe, ana ce da shi garba. Yawancinsu Musulmi ne. Masu bin Almasihu a cikinsu 'yan kaɗan ne, sukan yi sujada a majami'un 'yan ƙasa, da Faransanci.

A cikin waɗannan 'yan kaɗan akwai wani mai sayar da garba, mutumin wani ƙauye kusa da Tsibiri, a ƙasar Maradi. Ubansa dattijon ikkilisiya ne. Da Allah ya yi wa tsohon rasuwa, sai ɗan ya je ya ɗauko uwarsa ya kawo ta Treichville, don kada ta zauna ita kaɗai. Kowa a gidan hayar Inna yake ce mata. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. In za ta yi maganarsa da matarsa sai ta ce “maigidanki”. Matar kuwa Amarya take kiranta, ko da yake ta haihu biyu. Ita Amarya a Abijan aka haife ta, iyayenta mutanen Dogonduci ne. Tana jin Hausa da Faransanci da Jula, ta kuma san harshe na huɗu wanda Inna ba ta taɓa koyo ba, wato harshen atamfa.

Inna ta zo da zane uku. Biyu sun koɗe da rana da sabulu, na uku kuwa ankon Zumuntar Mata ne na majami'arsu ta gida, tana tattalinsa kamar ƙwai. A ƙauye ba wanda ya taɓa duban koɗaɗɗen zanenta sau biyu. A tsakar gidan haya kuwa, inda igiyar shanya ɗaya ce, zanen kowa yana ba da labarin aljihun mijinta ko na ɗanta. Amarya ta fara jin ƙananan maganganu a bakin famfo. Ba a ambaci suna ba, amma ta san inda aka nufa: ga mai garba yana ciniki safe da rana, uwarsa tana yawo da tsumma. Abin ya dame ta ƙwarai. Ana saura mako uku Kirsimati, mijin ya ƙirga sefa 12,000, wato jika 12 a lissafin mutanen Nijar, ya ce su je Adjamé a sayo wa Inna zanen sawa. Iyakar abin da zai iya ke nan, gama kuɗin haya da na makarantar yara suna jiransa.

Domin a gane abin da ke zuciyar Amarya, sai an san yadda atamfa take hawa-hawa a Abijan. A can sama akwai 'yar Holan, ta kamfanin Vlisco da ke garin Helmond tun 1846. Ƙasa da ita akwai bugun gida, na kamfanin Uniwax da aka kafa a 1968, masana'antarsa tana unguwar Yopougon. Waɗannan biyu da kaki ake buga su, shi ya sa launi yake ratsa ciki da waje, har ba a cika bambanta fuska da baya ba. Ƙasa da su sai wadda ake kira fansi, ita fuska ɗaya ake bugawa, bayanta fari-fari ne, kuɗinta kuma kaɗan. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, ta faɗi da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, 'yar Holan ta ƙara yi wa talaka nisa. Daga baya atamfofin Asiya suka cika kasuwa. Waɗansu suna zuwa da sunan masu su, waɗansu kuwa da sunan da suka sata.

Bayan haka kowane zane da sunan da matan kasuwa suka raɗa masa. Akwai “miji mai iyawa”, akwai “idon kishiyata”, akwai “ganyen kuɓewa”, wanda ake cewa na macen da ta yi tari sannu-sannu ne har ta saya da guminta. Mace takan shigo taro ba ta ce uffan ba, amma zanenta ya riga ya yi magana. Amarya ta tashi cikin wannan, saboda haka a wurinta sayen zane amsa ce ga matan bakin famfo.

Da safe suka shiga bas ɗin SOTRA, suka haye gadar Houphouët-Boigny, wadda aka kammala a 1957, suka ratsa dogayen benayen Plateau, suka sauka Adjamé. Wannan unguwa ita ce cikin Abijan: tashoshin mota, kasuwanni, masu tura amalanke, ƙananan bas da ake kira gbaka, da jama'a kamar fari a kan babban titin Nangui Abrogoua. Inna ta riƙe bakin mayafin Amarya kamar ƙaramar yarinya. Hanyarsu ta zuwa layin 'yan atamfa ta bi ta Roxy.

Roxy sunan wani tsohon gidan silima ne, amma abin da ya sa sunan ya yi nisa shi ne magani. Nan ce babbar kasuwar maganin bakin titi ta ƙasar. Mata ne suka fi yawa a cinikin, kowacce da daro ko faranti cike da ƙwayoyi, ja da fari da rawaya, suna shan rana. A 2017 jami'an tsaro sun kai sumame wurin, suka kwashe kimanin tan 40 na magani. Kwali yakan yi kama da na kantin magani, sunan ma iri ɗaya, amma abin da ke ciki sai Allah. Inna ta tsaya tana kallo. Amarya ta ja ta suka wuce da sauri, gama ta san abin da tsohuwar take tunawa. Watanni kaɗan kafin nan ƙaramin yaronsu ya yi zazzaɓi, aka saya masa ƙwayoyi a bakin titi saboda sauƙin kuɗi, ya sha kwana uku jiki yana ƙara zafi, sai da aka kwana da shi asibiti, aka kashe ninkin abin da aka so a tsimin. Ba wadda ta tayar da zancen a cikinsu.

Ba su yi nisa ba wani saurayi ya tare su da atamfofi a kafaɗa. Da ya ji suna Hausa sai ya juya harshe.

“Hajiya, ga Holan! Holan ta gaske, jika tara kawai. Kaya ne suka shigo ta bayan gida, shi ya sa.”

Ya warware wata shuɗiya mai ruwan zinariya. Ga takarda mai ƙyalli a liƙe, ga rubutu a gefen atamfar yana cewa daga Holan take. Idon Amarya ya yi haske. Ta san sarai 'yar Holan ta gaske ba ta sauka kusa da wannan kuɗi, ko an ninka shi huɗu. Ta san jabu ce. Amma jabu ce mai kyau, irin wadda sai an matso an taɓa kafin a gane. Ta raɗa wa tsohuwar, “Inna, mu ɗauki wannan. Daga nesa ba mai ganewa.”

Inna ba ta iya karatun boko ba sai na Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma ta shekara hamsin tana wanki. Ta kama kusurwar atamfar ta murza tsakanin yatsunta, sitati ya zubo kamar gari, wurin ya yi laushi ya saki. Ta ɗaga ta ga rana, haske ya ratso ta tsakanin zare. Sa'an nan ta nuna rubutun gefen, ta ce, “Amarya, me aka rubuta nan?”

“An ce 'yar Holan ce, Inna.”

“To, ita ce?”

Amarya ta yi shiru. Saurayin ya fara rantse-rantse, Inna ta miƙa masa kayansa, ta ce, “Allah ya ba da kasuwa, ɗana.” Suka matsa gefe, bakin wani kanti.

Nan Amarya ta fashe. Ta ce, “Inna, ba ki san garin nan ba. Nan ba Tsibiri ba ce. Ni nake jin abin da ake faɗi a bakin famfo. Cewa ake ɗanki ya kasa, cewa ake ni na hana shi ya yi miki. In kika ɗaura fansi ran Kirsimati, kowa ya gani, an tabbatar ke nan. Wa za mu cuta in mun sayi waccan? Kuɗinmu ne, jikinki ne.”

Maganarta tana da nauyi, kada mai karatu ya yi saurin yanke mata hukunci. Mutuncin mijinta take karewa, tana kuma so a ga ta riƙe uwar mijinta da kyau. Wanda bai zauna gidan haya ba bai san zafin harshen maƙwabta ba.

Inna ta bar ta ta gama, sa'an nan ta ce, “Ɗiyata, na ji, Allah ya yi miki albarka. Amma gaya mini. Ran Lahadi in an tashi sujada, wata ta kama bakin zanen nan ta ce, ‘Inna, Holan ce?’ me zan ce mata? In na ce i, na yi ƙarya a ƙofar ɗakin Ubangiji. In na ce a'a, kunyar da kike gudu ta ninku, gama an ga mun so mu yi rufa-ido mun kasa. In kuwa ba wadda ta tambaya, zanen zai yi ta faɗin ƙaryar a madadina, daga safe har dare, ni ina ciki. Tsohon nan da ya rasu shekara arba'in yana tsayawa gaban jama'a da riga biyu, ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Ba zan zo Kurmi da furfura in fara ba.” Ta juya ta dubi wajen masu daron magani, ta ƙara da cewa, “Waccan ƙwaya ma sunan ta gaske ne a jikin kwalinta.”

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa, wato kwaikwayo da jabu. Ita kanta 'yar Holan da kwaikwayo ta fara. Mutanen tsibirin Jawa, a Indunusiya ta yau, su ne masu rinin kaki da hannu da ake kira batik. A ƙarni na 19 Turawan Holan suka nemi yin irinsa da inji don su sayar musu da araha. Mutanen Jawa ba su karɓe shi sosai ba, saboda tsage-tsagen da inji yake bari a launi. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwa na Sikotilan, Ebenezer Brown Fleming, ya shiga kai irin wannan atamfa Gwalkwas, wato Gana ta yau, sai ga shi tsage-tsagen da aka raina a can su ne abin so a nan. Koyi da sana'ar wani tsohon abu ne a duniya, kowane maƙeri a maƙerar wani ya koya. Jabu kuwa ita ce a yi abu mara ƙarko a liƙa masa sunan mai ƙarko, domin a karɓi kuɗi ko girma da sunan da ba a yi wa wahala ba.

Tambayar Amarya, wa za a cuta, ita ma tana da amsa. Masu bi da suka zauna Kakuri a Kaduna sun san ta. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka koma gida hannu wofi. Dalilan suna da yawa, har da rashin wutar lantarki da tsadar man inji, amma atamfar fasa-ƙwauri da ta jabu tana cikin manyansu. Mai zanen fure ya ɓata watanni yana aiki, wani ya kwafe cikin kwanaki ya sayar da sulusin kuɗi da sunan mai shi. Kowane turmin jabu da aka saya, akwai wani ma'aikaci a Yopougon ko wani wuri da aka rage wa tuwo, ko da mai sayen ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Suka ci gaba da tafiya ba mai ce wa wata kome, har suka kai rumfar wani dattijo, mutumin Madawa, yana zaune da carbi a hannu, atamfofi jere a bayansa har rufi. Aka gaisa gaisuwar gida, aka tambayi damina da mutanen Gobir. Inna ta ce, “Alhaji, zanen aiki nake so. Na shiga madafa, na goyon jika. Kuɗina kaɗan ne, kada ka nuna mini abin da ya fi ƙarfina.”

Alhaji ya yi murmushi, ya ce, “Inna, kin hutar da ni.” Ya sauko da guda uku. Ya ce, “Duk fansi ne, ba zan ce miki Holan ba. Wannan ja tana da kyau a ido, amma tana zuba, wanki uku ta gama. Wannan sitati ya yi mata yawa. Wannan mai ruwan ƙasa da ƙananan fure ita ce taki. Zarenta a matse yake, launin kuma ba ya nuna dauɗa. In kin lura da ita za ta kai ki shekara, ba zan yi miki alkawarin biyu ba.”

Inna ta yi mata irin gwajin da ta yi wa ta farko. Ta murza, sitati kaɗan ne. Ta ɗaga ga haske, saƙar a cike take. Ta jiƙa bakin farin ƙyalle ta goga, bai ɗauko launi ba. Ta juya bayan, ga shi fari-fari, bai ɓoye ko shi wane ne ba. A gefen kuwa sunan masu ita ne, ba na kowa ba. Alhaji ya sa jika shida, Inna ta taya huɗu, aka yi ta ja har aka daidaita a biyar. Yadi shida ne, wanda 'yan Abijan suke lissafawa zane uku, kowanne yadi biyu. Ya ba ta shawara ta fara jiƙa shi a ruwan gishiri, ta riƙa wankewa da sabulun sanda, ta shanya a inuwa, bayan yana waje. Da za su tafi ya ce wa Amarya, “Ɗiyata, riƙe tsohuwar nan da kyau. Masu tambayar kaya da sunansa sun yi ƙaranci.”

Daga jika bakwai da suka rage, Inna ta sa aka ba tela ɗaya ya kalmashe bakunan, aka cire kuɗin mota, saura ta ƙulle ta mayar wa ɗanta, ta ce a ƙara a kuɗin makaranta. Zane ukun kuwa ta raba su: ɗaya na ɗaurawa, ɗaya na canji ran wanki, na ukun ta miƙa wa Amarya ta ce na goyon ƙaramin ne. Amarya ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, amma fuskarta ba ta saki ba.

Abin da take tsoro kuwa bai fasa faruwa ba. Ran Kirsimati majami'a ta cika da sababbin atamfofi. Inna ta ɗaura ankonta na gida, ta yafa sabon fansin. Bayan sujada wata mai hali ta kama bakin mayafin, ta juya bayansa a gaban mutane, ta saki, ta ce da Faransanci ai yana da kyau don zaman gida. Inna ba ta ji abin da aka ce ba. Amarya ce ta ji, ita ta haɗiye. Gaskiya ba ta hana a raina mutum. Abin da ta ba su shi ne, da aka juya bayan zanen ba a tarar da wani abin da suka ɓoye ba.

Wannan ɗan abin da ya faru a ƙofar majami'a ya fi na kasuwa nauyi, gama ya nuna inda jabu take samun masu saye. Yarinya mai tsoron Allah ba ta kai hannu ga jabu don tana son ƙarya. Tsoron idon 'yan'uwa ne yake tura ta. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta tsawata wa masu bi da suke ba mai kyakkyawar riga wurin zama na gaba, su bar matalauci a tsaye, ta kuma kira wannan tara zunubi. A Fitowa 22:26-27 Shari'a ta umarta cewa wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai kwana. Ashe tufar da Allah ya kafa wa doka ita ce ta yau da kullum, wadda talaka ba shi da wata bayanta. A Ayyukan Manzanni sura 9 kuma, da Dokas ta rasu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Shaidar da aka gabatar a kan bangaskiyarta ke nan, suturar gwauraye.

Amarya ba ta ce Inna ta yi daidai ba, Inna ma ba ta nemi ta faɗa ba. Amma bayan sabuwar shekara Amarya ta shiga adashin matan layinsu, tana zuba abin da ta samu daga sayar da ƙanƙara da bisap, wato zoɓo. Wata bakwai tana zubi. Da kwasarta ta zo, ta hau bas ita kaɗai, ta ratsa Roxy, ta wuce masu atamfa a kafaɗa, ta je rumfar Alhaji ta ce ya ba ta bugun Yopougon na gaske, yadi shida. Alhaji ya ce ko wane fure ne a jikinsa, zanen da aka saya ta wannan hanya ganyen kuɓewa ne sunansa. Ta kawo wa Inna. Tsohuwar ta shafa shi, ta juya ciki da waje, ta sa albarka mai tsawo, har da hawaye. A lokacin fansin ya fara koɗewa, daidai yadda mai shi ya faɗa, ƙaramin yaron kuma ya yi wayo a cikin goyonsa.

Saura magana ga shugabannin Zumuntar Mata, a Abijan ne ko Maradi, Jos ko Kano. Anko abu ne mai kyau, yana sa matar attajiri da matar leburan gini su tsaya sahu ɗaya su raira waƙa da tufa iri ɗaya. Amma in an zaɓi wanda sai da bashi za a saya, ko ana sauya shi kowace shekara, ya koma abin da aka yi shi don a kawar. Kafin a tsai da atamfar bana, a fara tambaya ko gwauruwar da ta fi kowa rashi a cikin ƙungiya za ta iya saye ba tare da ta ci bashi ko ta nemi jabu ba. In ba za ta iya ba, a sauko da zaɓin, ko kuwa masu hali su saya mata a asirce. A kuma koya wa 'yan mata yadda ake murza kusurwar atamfa, da yadda ake ɗaga ta ga haske, da yadda ake ce wa mai kaya, “Kuɗina kaɗan ne,” ba tare da sunkuyar da kai ba. Wadda kuma hannunta yake ƙaiƙayin juya bayan zanen 'yar'uwarta a ƙofar majami'a, ta tuna cewa Ubangiji yana ganin bayan nata. Allah ya ba bayinsa wadar zuci. Amin.